Gundumar Selborne a Ƙarni na 19: Yadda Mulkin Ƙauye Ya Kuɓuce wa Ƙauye

A ƙasar Ingila, yankin mulki mafi ƙanƙanta shi ne wanda Turawa su ke kira parish. Kalmar daga Girkanci ta fito, ta ratso ta Latin da Faransanci kafin ta zauna a Ingilishi, tushenta kuwa yana nufin zama kusa da juna. Babu kalmar Hausa guda da ta yi daidai da ita. In an ce ƙauye an rage ta, gama ta kan haɗa gari da unguwanni da gonaki da daji. In an ce gunduma an ƙara mata, don mai karatu zai zaci akwai hakimi da dogarai. Duk da haka a wannan takarda za a riƙa cewa gundumar coci, ko gunduma a taƙaice, watau ƙasar da ke ƙarƙashin coci guda da limami guda. Wajen 1830 akwai irin waɗannan yankuna kimanin 15,000 a Ingila da Wales, kowanne yana tara harajinsa yana ciyar da matalautansa.

Tun daga 1947, sa'ad da Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Arthur Creech Jones, ya aika wa gwamnonin Afirka takardarsa a kan ƙananan hukumomi, aka riƙa nuna majalisun ƙauyukan Ingila su ne abin koyi, kamar dai tun fil'azal haka su ke. Tarihi bai nuna haka ba. Majalisar gunduma wadda talaka ke zaɓa ba ta samu ba sai 1894, kuma kafin ta zo an riga an kwashe yawancin ikon da ta kamata ta gada. Ana iya ganin yadda abin ya auku a gunduma guda, Selborne, cikin lardin Hampshire a kudancin Ingila.

Selborne ta yi suna saboda Gilbert White, mataimakin limami wanda aka haifa a can cikin 1720 ya rasu 1793, wanda littafinsa na 1789 a kan tsuntsaye da tsire-tsiren wurin har yanzu a ke bugawa. White mutum ne mai ƙidaya. A watan Oktoba 1783 ya ƙirga mutanen gundumar ya sami 676, daga cikinsu 313 a cikin gari, sauran 363 a warwatse cikin gonaki da bakin dajin Woolmer. Ya kuma faɗi cewa masu zaga iyakar gundumar su kan ɗauki kwana uku suna yi, kewayenta bai gaza mil 30 ba. Wannan zagaye ba yawon banza ba ne. A zamanin da taswira ba ta wadata ba, da ƙafa a ke tabbatar da iyaka, iyaka kuwa ita ke nuna gonar da za ta biya haraji a nan, da matalaucin da nauyinsa ya rataya a kan nan. White bai taɓa zama limamin Selborne ba ko da ya ke kakansa ya riƙe muƙamin, domin Kwalejin Magdalen ta Jami'ar Oksfod ce ke naɗa limamin, ba ta kuwa ba kowa sai ɗanta, shi kuma ɗan Kwalejin Oriel ne.

Majalisar da ke mulkin gunduma taron masu biyan haraji ce. Sunanta na Ingilishi daga ɗakin da limami ke ajiye rigunansa aka samo shi, don a nan a ke taruwa, limami ne kuma shugaban taron. Wajen Ista kowace shekara a kan fitar da ma'aikata. Akwai wakilan coci biyu masu kula da ginin da kuɗinsa. Akwai masu duban matalauta, waɗanda dokar Sarauniya Alisabatu ta 1601 ta ɗora wa tara haraji da raba taimako. Akwai mai duban hanyoyi, wanda ke da ikon kiran magidanta aikin hanya kwana shida a shekara ba lada. Akwai kuma ɗan dokan gunduma, wanda ba shi da kaki, sai sanda. Babu mai albashi a cikinsu. Manomi ne ko mai sana'a ke riƙe muƙamin shekara guda, yawanci ba da son ransa ba, sa'an nan ya miƙa wa maƙwabcinsa. A bisansu akwai alƙalan sulhu, masu ƙasa ne da waɗansu limamai, su ma ba albashi, su ke duba lissafi su kuma ji ƙara. Cikin 1818 aka yi doka wadda ta auna ƙuri'a da dukiya: mai ƙasar da kimarta ba ta wuce fam 50 a shekara ba yana da ƙuri'a ɗaya, kowane fam 25 na ƙari ya ba shi wata, har zuwa shida. Ɗan ƙodago, wanda shi ne mafi yawa a gunduma, ba a jin muryarsa a wannan ɗaki sai in ya zo roƙo.

Ga yadda jama'a ta kasu. Mai ƙasa dabam, manomi dabam, mai aikin gona dabam. Wanda Ingilishi ke kira manomi ba mai riƙe da fartanya ba ne, mai jari ne wanda ya yi hayar ƙasa, ya mallaki dawaki da tumaki, ya ɗauki 'yan ƙodago da kuɗin mako. Ƙasar Selborne iri biyu ce. Ta wajen gari tana da ƙarfi, a kan noma alkama da wani tsiro mai yaɗo da a ke kira hof, wanda a ke sa furensa cikin giya don ɗaci da hana ta lalacewa. Ta wajen Woolmer rairayi ce, ba ta ba da kome sai makamashi da kiwo kaɗan. A watan Satumba mata da yara su kan fita tsinkar hof, a busar da shi a ɗakin wuta, a ɗura a manyan buhuna, a kai kasuwar shekara ta Weyhill kusa da Andover cikin Oktoba. Kuɗin tsinka shi ne na takalma da tufafin sanyi. White ya ce a dā mata su kan yi kaɗin ulu a watannin hunturu suna sayar wa masaƙan Alton, garin kasuwa mafi kusa. Injunan arewacin Ingila suka kashe irin wannan kaɗi a duk kudu, gidan ɗan ƙodago ya rasa hannu guda daga cikin hannuwan da ke ciyar da shi. Ko fitila ma da kansu su ke yi: a fere wata ciyawar fadama, a tsoma ta cikin kitsen da ya rage a tukunya, kuma bisa lissafin White rubu'in kwabo ya kan ba iyali haske na sa'a biyar da rabi.

Tsakanin manomi da ɗan ƙodago akwai masu sana'a: maƙeri, da kafinta, da baduku mai ɗinkin takalma, da mahauci, da mai niƙa, da mai baibayar ɗaki da karan alkama, da mai amalanken da ke kai saƙo kasuwa ya komo, da mai gidan giya. Yaro ya kan yi shekara bakwai yana koyo kafin a sallame shi. Wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne masassaƙin ƙafar amalanke, domin George Sturt na Farnham, gari ne da ba shi da nisa da Selborne, ya bayyana aikin daki-daki a littafinsa na 1923. Ƙafa guda itace uku ta ke ci. Cibiyar da itacen elm a ke yin ta don ba ya tsagewa ko an huda shi wuri da yawa, sandunan da ok don ƙarfi, gefen kuwa da ash don yana jure bugu. Itacen sai ya shekara da shekaru yana bushewa a rumfa. In an harhaɗa, maƙeri ya ƙera zoben ƙarfe wanda ya ɗan gaza kewayen ƙafar, a gasa shi har ya buɗe, a ɗora, a kwarara masa ruwa nan take, ya tsuke ya ɗaure dukan gaɓoɓin ba tare da manne ba. Masassaƙi ya san gonar kowane manomi da irin lakarta, yana kuma sassaƙa wa kowa gwargwadon haka. Irin waɗannan mutane su kan iya karatu, ba kuma a hannun manomi guda abincinsu ya ke ba, saboda haka in magana ta tashi a gari su a kan tura gaba. Wannan martaba ta kan jawo wa mai ita wahala.

Bakuna huɗu ke ci daga girbi guda: mai ƙasa da kuɗin hayarsa, limami da ushirinsa, manomi da ribarsa, ɗan ƙodago da ladansa. Ushiri shi ne ɗaya bisa goma na amfanin ƙasa wanda doka ta wajabta a ba coci, ko mutum yana zuwa cocin ko ba ya zuwa. A zamanin yaƙi da Faransa hatsi ya yi tsada ƙwarai, har cikin 1812 awon alkama da a ke kira kwata ya haura sule 126, aka ɗaga haya, aka ɗaga ushiri. Da yaƙi ya ƙare a 1815 farashi ya faɗi, sojoji suka komo gida neman aiki, haya da ushiri kuwa ba su sauka da sauri ba. Abin da manomi ke da iko ya rage shi ne lada, shi kuwa ya rage.

A nan harajin matalauta ya shigo. Tun 1795 alƙalan sulhu na lardin Berkshire, da suka taru a Speenhamland, suka tsara ma'auni: in babban burodi yana sule ɗaya, namiji ya sami sule 3 a mako, matarsa da kowane ɗa sule ɗaya da sisi, abin da ladansa ya gaza gunduma ta cika. Irin wannan tsari ya bazu a kudu. Niyyar ta jinƙai ce, amma ga inda ta kai: manoman da ke biyan lada su ne kuma ke zaune a majalisa suna yanke taimako, saboda haka suka bar lada a ƙasa, gunduma ta riƙa cikawa, ƙaƙƙarfan mutum mai aiki kwana shida ya zama mai zuwa gaban mai duban matalauta da hula a hannu. Cikin 1818 abin da Ingila da Wales suka kashe a kan matalauta ya kusa fam miliyan 8. Ba shi kuma da sauƙi mutum ya tashi ya nemi arziki wani wuri, domin bisa dokar 1662 kowa yana da gundumar da ke da alhakinsa, in ya talauce a wata a kan mai da shi tasa.

Limamin Selborne daga 1813 shi ne William Rust Cobbold, kuma shi da jama'arsa ba su taɓa shiri ba. William Cobbett, ɗan jarida mai zafin alƙalami wanda ya zaga kudu a kan doki, ya biyo ta garin a watan Agusta 1823, wani mutumin wurin ya gaya masa rigingimu sun hana garin kwanciyar hankali; an kuma taɓa harba bindiga ta tagar limamin. Sa'an nan girbin 1828 da na 1829 suka lalace. Ga kuma injin sussuka, wanda ya ɗauke aikin bugun alkama da sanda, aikin da ke riƙe ɗan ƙodago tun daga Nuwamba har hunturu ya wuce. A ƙarshen Agusta 1830 aka farfasa injin farko a lardin Kent, aka riƙa aika wa manoma wasiƙun tsoratarwa da sunan wani Kyaftin Swing wanda ba a taɓa ganinsa ba, tarzoma ta yi ta tafiya yamma har ta iso Hampshire a tsakiyar Nuwamba.

Ran Litinin 22 ga Nuwamba 1830 mutane ɗaruruwa suka taru a Selborne. Buƙatarsu sule 12 a mako. Manoma suka ce ba su iyawa sai an rage ushiri, watau suka nuna wa taron ƙofar da zai bi. Aka fara da gidan matalauta, wanda mai riƙonsa, John Harrison, ya yi baƙin jini: aka kwashe rufi, aka farfasa tagogi da kayan ɗaki. Daga nan aka koma Plestor, filin da ke gaban coci da gidan limami, aka tsare Cobbold, manoma suna tsaye suna kallo, har ya sa hannu a takarda cewa ya rage ushirinsa daga fam 600 zuwa fam 300 a shekara. Wanda aka sa gaba ya yi magana ya kuma riƙe takardar shi ne Robert Holdaway, kafinta mai sassaƙar ƙafar amalanke, wanda a dā ya taɓa riƙe gidan giya a garin. Kashegari taron ya wuce Headley, gundumar da ke maƙwabtaka da su, aka rushe gidan matalautanta, aka kuma farfasa injin sussuka a Kingsley.

Sabuwar gwamnatin Lord Grey ba ta cika mako biyu a kan mulki ba, ta kuwa so ta nuna ba ta da sanyin hannu. Aka kafa kotu ta musamman a Winchester cikin Disamba. Aka yanke wa Holdaway hukuncin kisa, daga baya aka mai da shi kora zuwa Ostareliya har iyakar rai, aka raba shi da mata da 'ya'ya masu yawa. John Newland, wanda a ke cewa shi ya busa ƙahon tara mutane, ya sami ɗaurin wata shida. Manoman da suka tsaya a Plestor, waɗanda rangwamen zai shiga aljihunsu, ba a hukunta ko ɗaya ba. A duk ƙasar, bisa ƙidayar da Eric Hobsbawm da George Rudé suka buga cikin 1969, an gurfanar da mutum kusan 2,000, an rataye 19, an kori kusan 500 zuwa Ostareliya. Takardar da Cobbold ya sa wa hannu ba ta da ƙarfi a shari'a tun da tilas aka yi masa. Ya sayi wani ƙaton kare yana yawo da shi, ya ci gaba da limanci har 1841, sa'ad da keken doki ya banke shi a Landan ya mutu. An daɗe ana nuna wa baƙi abin wuyan karen a cikin cocin.

Masu mulki a Landan ba su ɗauki darasin cewa lada ya yi kaɗan ba. Abin da suka gani shi ne gunduma ta kāsa: mai duban matalauta yana tsoron maƙwabtansa, ɗan doka ba ya iya kama ɗan'uwansa, manomi yana haɗa baki da ɗan ƙodago a kan limami. Dokar 1834 ta ɗauke sha'anin matalauta daga hannun majalisar coci. Aka harhaɗa gundumomi suka zama tarayya wajen 600, kowace da majalisar wakilai da ma'aikata masu albashi da babban gidan matalauta guda, duka a ƙarƙashin kwamishinoni uku a Landan, Edwin Chadwick ne sakatarensu. Selborne ta faɗa cikin tarayyar Alton. Ƙa'idar ita ce zaman gidan ya fi zaman ɗan ƙodago mafi talauci ɗaci, don kada kowa ya shiga sai wanda ba shi da mafita. A kan raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya. Tsohon tsari yana da zalunci da son kai, amma mai yanke hukunci ya san fuskar wanda ke gabansa, yana kuma jin tsoron haɗuwa da shi a hanya da dare. Sabon tsari an gina shi ne musamman don a kau da wannan tsoro. A Andover, cikin wannan lardi na Hampshire, aka gano cikin 1845 cewa mazauna gidan da aka sa daka ƙasusuwa don taki yunwa ta sa suna gwaguyar abin da ya rage a jikinsu, abin kunyar da ya ci kwamishinonin, aka maye su da wata hukuma a 1847.

Sauran ayyukan suka bi baya ɗaya ɗaya. Cikin 1835 aka soke aikin hanya na tilas. Cikin 1836 aka mai da ushiri kuɗi tsayayye, ana lissafa shi da matsakaicin farashin alkama da sha'ir da hatsin dawaki na shekara bakwai, limami ya huta da leƙen rumbun manomi. Daga 1837 rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta koma ta gwamnati. Hampshire ta kafa 'yan sandanta cikin 1839, sa'an nan dokar 1856 ta tilasta wa kowane lardi. Harajin gyaran coci ya daina zama wajibi a 1868, gama ƙidayar masu ibada ta 1851 ta riga ta nuna kusan rabin masu zuwa ibada ba cocin gwamnati su ke zuwa ba. Makaranta ce kaɗai limamin ƙauye ya riƙe da ƙarfi, ita ma daga 1870 gwamnati ta shigo, zuwa ya zama tilas a 1880. Ƙasar gundumar ma ta ragu. Roundell Palmer, lauya wanda ya sayi Blackmoor ta wajen Woolmer cikin 1865, ya gina coci da makaranta da gidaje a can, aka yanke wurin ya zama gundumar coci mai zaman kanta. Da ya zama shugaban alƙalan Ingila a 1872 sunan Selborne ya ɗauka ya yi sarauta da shi.

Sana'o'i ma hanyar da mulki ya bi suka bi. Jirgin ƙasa ya iso Alton cikin 1852, ya kawo gawayin kwal da takalman masana'anta da garmar da aka zuba a wani gari, ya kuma kwashi samari. Daga ƙarshen shekarun 1870 alkamar Amurka ta cika kasuwa, har cikin 1894 kwata ta faɗo ƙasa da sule 23. Manoma suka mai da gonaki makiyaya, aiki ya ragu, amma burodi ya yi araha, kuma da hannuwa suka yi kaɗan lada ya ɗan tashi. Ɗan ƙodagon 1890 ya fi kakansa ƙoshi, ba don wani ya ji tausayinsa ba.

Ya sami ƙuri'ar zaɓen majalisar ƙasa a 1884. Bayan shekara goma dokar 1894 ta raba sha'anin coci da sha'anin mulki, ta ba kowace gunduma mai mutum 300 ko fiye majalisa zaɓaɓɓiya, mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, mata ma suna iya tsayawa, limami kuwa ba shi da kujera sai an zaɓe shi. A watan Disamba na shekarar aka yi zaɓen farko, a ƙauyuka da yawa 'yan ƙodago da masu sana'a suka ci kujeru, manoma suka ji haushi. Da suka zauna suka duba abin da ke hannunsu: hanyoyin ƙafa, da rijiyoyi, da filin gari, da 'yan gonakin haya don lambu, da waɗansu kuɗin sadaka na gado. Matalauta suna hannun tarayya, manyan hanyoyi da 'yan sanda suna wajen lardi, tsabta tana hannun majalisar yanki. Abin da majalisar gunduma ke iya kashewa bai wuce harajin taro a kowane fam ba, in taron gari ya yarda a kai sisi. Dokar ta kuma ce kada a buɗe taron gari kafin ƙarfe 6 na yamma, domin mai aikin gona ya tashi daga aiki ya samu zuwa.